Ishaya Audu: Likitan Yaran da Ya Riƙe Jami'ar Sardauna

Da tsakar daren Asabar, 15 ga Janairu 1966, ana cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka afka wa gidan Firimiyan Jihar Arewa a Kaduna. Suka kashe Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tare da uwargidansa Hafsatu. A lokacin jami'ar da ke amsa sunansa a Samarun Zariya ko shekara huɗu ba ta cika ba. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe ta da ɗalibai 426. Kusan duk malamanta baƙi ne daga ƙetare. A rukunin farko da aka ɗauka, 'yan ƙasa biyu ake ambata, Iya Abubakar a fannin lissafi da Adamu Baikie a fannin ilimi. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan ne, masanin fiziks da ya sha tsare a hannun Japanawa a Singafo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1966 ɗin shi ma ya ajiye aiki. Sardauna shi ne uban jami'ar, shi ne ginshiƙinta a gwamnati, shi ne wanda in ya yi magana baitulmali ke buɗewa. Ga uba ya faɗi, ga mai riƙo ya kama hanya.

Wanda aka damƙa wa wannan marainiya likitan yara ne, ɗan shekara 39, Bahaushe ɗan ƙasar Zazzau, kuma Kirista. Sunansa Ishaya Shu'aibu Audu. Ya riƙe ta shekara tara, daga 1966 zuwa 1975, kuma har yau babu shugaban da ya daɗe a kujerar kamarsa.

Kafin a fahimci yadda aka yi Bahaushen Anchau ya tashi da suna Ishaya, sai an koma baya, zuwa Kano ta zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. A can aka yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya karkata ga matsayin Annabi Isa (AS) har ya tara mabiya da aka riƙa kira Isawa. Hukuma ta ga abin ya fita daga hanya, aka kashe shi, mabiyansa suka watse, da yawansu suka nufi duwatsun Ningi. Suka ci gaba da zama a gefe, ba su saje da sauran Musulmi ba, ba su kuma san wani abu wai shi coci ba. Sai a 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka iske wani likita Bature ɗan mishan a birnin Zariya, Dokta Walter Miller, wanda ya zauna cikin birnin tun 1905, ya iya Hausa har ya zama jigo a fassara Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932. Waɗannan Isawa suka karɓi addinin Kirista, aka kafa musu gari a Gimi. Garin bai yi ƙarko ba. Ƙudan tsando ya yi musu yawa, ciwon barci ya riƙa ɗauke mutane ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka rage suka tashi. Yaransu suka koma makarantar Miller, wadda daga baya, wajen 1929, aka fitar da ita daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, a gindin dutsen Kufena.

Daga wannan zuriya Malam Bulus Audu ya fito, mahaifin Ishaya. An haifi yaron ranar 1 ga Maris 1927 a Anchau, garin da shi ma ciwon barci ya addaba har gwamnatin Turawa ta sare dazuzzukan bakin rafi, ta gina sabon gari ta sa masa suna Takalafiya. Wato tun yana ƙarami ya san abin da cuta ke yi wa gari sukutum. Ba daga littafi ya fara sani ba.

Wusasa ƙaramin wuri ce, amma abin da ta fitar ya fi girmanta. Daga can Dokta Russell Barau Dikko ya fito, likita na farko a duk Arewa, wanda kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama NPC ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Asibitin da ke amsa sunansa a Kaduna yana nan. Daga can John Tafida ya fito, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A can kuma ɗan wani mai wa'azi Ba'angashe ya yi wasan ƙasa, yaron da ake kira Yakubu Gowon. Duk makaranta ɗaya suka shiga, ta St. Bartholomew. Hausa ce harshensu na gida da na coci, tuwo da miyar kuka ne abincinsu, babbar riga da hula ce suturarsu. Abin da ya bambanta su da maƙwabtansu na Tudun Wada shi ne ranar ibada, da kuma cewa sun riga kowa shiga boko da zurfi.

Ishaya ya wuce babbar kwalejin Yaba a Ikko. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 yana cikin ɗaliban farko. A lokacin Ibadan ba ta da asibitin koyarwa da ya kai, don haka masu karatun likita sukan yi rabin farko a gida, su ƙarasa a Ingila. Ya tafi Landan a 1951, ya gama a 1954, ya ƙara da karatun cututtukan ƙasashe masu zafi a Libaful, sannan ya ƙware a kan lafiyar yara. Da ya dawo ya yi aiki a asibitocin gwamnatin Arewa, har ya zama likitan Sardauna na musamman.

Wannan wuri ya cancanci a dakata a kansa. Sardaunan nan daga zuriyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, shi ne mataimakin shugaban Rabiɗa ta duniyar Musulmi, shi ne wanda a shekarunsa na ƙarshe ya riƙa zaga ƙauyuka yana musuluntar da jama'a, abin da har yau wasu Kiristocin Arewa ke tunawa da ɗaci. Amma mutumin da ya yarda ya ɗora masa abin awo a ƙirji, ya san sirrin jikinsa, ya ce masa ci wannan bar wancan, ɗan Wusasa ne. Ni dai a ganina duk mai son ya fahimci Arewar wancan zamani dole ya riƙe waɗannan abubuwa biyu tare, kada ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi ya yar da ɗayan. Daga hidimar Firimiya Ishaya ya koma koyarwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Ikko, kuma daga can aka kira shi Samaru.

Shekarar da ya karɓi aiki ba ta da daɗin tunawa. Ranar 24 ga Mayu Janar Aguiyi-Ironsi ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta rushe tsarin jihohi ta haɗe aikin gwamnati wuri guda. Ɗaliban Zariya na cikin waɗanda suka fara fitowa zanga-zanga, kalmar da ke bakin mutane kuwa ita ce araba. Cikin 'yan kwanaki abin ya zama kisan 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa. Ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu, aka kashe Ironsi, Gowon ya hau yana da shekara 31. A Satumba da Oktoba kisan ya dawo fiye da na farko. Ɗalibai da malamai da ma'aikata 'yan Gabas suka tattara suka bar Samaru, kuma a wancan lokaci su ne da yawa daga cikin masu gyaran injuna, masu kula da ɗakunan gwaji, akawuna da masu buga tafireta. Wasu Turawa ma suka ga zaman ba zai yiwu ba. A Mayun 1967 aka yanka Arewa gida shida, gwamnatin da ta haifi jami'ar ta shuɗe, aka bar ta a hannun wata hukumar riƙon ƙwarya mai kula da kadarorin da jihohin shida suka gada tare. Wata biyu bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke, bai lafa ba sai Janairun 1970. Duk wanda zai nemo wa jami'a kuɗi a irin wannan hali sai ya bi gwamnonin soja shida, kowanne da nasa buƙatun, ga kuma gwamnatin tarayya da hankalinta ke fagen daga.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Ishaya bai tsaya kare abin da ya tarar kawai ba. A cikin wannan ruɗani ya shiga faɗaɗawa.

Babbar matsalar da ke gabansa ita ce jami'ar Arewa ce amma 'yan Arewa ba su isa shiga ba. A tsarin da aka gada daga Ingila, sai yaro ya gama sakandare, ya ƙara shekara biyu a aji shida, ya ci babbar jarrabawa, sannan jami'a ta dube shi. Makarantun Arewa masu aji shida kuwa ba su taka kara sun karya ba. Yaro mai ƙwaƙwalwa daga Gumel ko Biu ko Argungu sai ya gama aji biyar ya tsaya cak, ya zama malamin firamare ko akawun En'e, ba don ya gaza ba, don babu tsanin da zai taka. A zangon karatu na 1968 zuwa 1969 jami'ar ta buɗe makarantar share fage a cikin harabarta, wadda kowa ya sani da SBS. Ta riƙa ɗauko waɗannan yara kai tsaye, malaman jami'a su koyar da su da kansu, wanda ya ci ya wuce digiri. An yi surutu. Wasu sun ce an buɗe ƙofar baya, an zubar da darajar digiri. Amsar wannan zargi tana cikin mutanen da suka biyo ta wannan hanya suka zama likitoci da injiniyoyi da alƙalai da manyan sakatarori na jihohin da aka ƙirƙiro ba su da ma'aikata. Ɗaliban da ake ƙirgawa da ɗaruruwa suka koma dubbai. Ba na jin akwai wata dabara guda da ta sauya fuskar boko a Arewa kamar wannan.

A zamanin Ishaya Atiku Abubakar ya yi difloma a fannin shari'a a harabar jami'ar da ke Kongo, ya fita a 1969. A zamaninsa Jerry Gana ya karanta labarin ƙasa. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shiga a 1972, ya fita da digirin ilimi da kimiyyar sinadarai a 1975, shekarar da shi ma Ishaya ya tafi. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano duk a lokacin reshe ce ta Zariya, a ƙarƙashinsa ta yi ƙarfin da ta tsaya da ƙafarta ta zama jami'a a 1977.

Sai kuma abin da ya fi kusa da zuciyarsa. A 1967, ana tsakiyar shirin yaƙi, aka buɗe tsangayar koyon likitanci. Babu asibitin koyarwa, babu kuɗin gina shi. Sai aka karɓi asibitocin gwamnati da ke akwai, na Tudun Wadan Zariya da na Kaduna da na Malumfashi, aka mai da su wuraren koyarwa. Ɗalibin likita a Zariya bai koyi aiki a kan cututtukan Turawa ba. Ya koya a kan abin da ke kashe mutanensa: ƙyanda, tamowa, zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau da ke zuwa da zafin bazara, da matan da naƙuda ta daɗe musu a ƙauye kafin a kawo su. Wannan ya jawo likitoci masu son bincike na gaske. Eldryd Parry ya zo ya shugabanci sashen cututtukan cikin jiki. Brian Greenwood ya yi shekara goma yana aiki a kan sanƙarau kafin ya tafi Gambiya ya yi suna a duniya a kan maleriya. Umaru Shehu, ɗan Borno, ya riƙe fannin lafiyar al'umma.

Ga misali guda na abin da ya fito daga wannan wuri. Manoman Arewa sun daɗe da sanin kububuwa, macijin da wasu ke kira gobe-da-nisa. Dafinta yakan hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta tsohon rauni, wani lokaci a cikin kai, alhali da farko ya zo da ƙafarsa yana magana. Tambayar da ke gaban ma'aikacin asibitin ƙauye ita ce: wa dafin ya shiga jikinsa har yake buƙatar allurar maganin dafi mai tsada da wuyar samu, wa kuma za a sa wa ido kawai? David Warrell da abokan aikinsa, daga binciken da suka yi a Zariya da wasu asibitocin Arewa a shekarun 1970, suka bayyana wata hanya mai sauƙi. A ɗebi jini kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata ta. In jinin ya daskare, da sauƙi. In ya kwarara kamar yadda aka zuba shi, dafi ya kama, a yi allura. Ba wutar lantarki, ba na'ura. Har gobe da wannan gwaji ake aiki a Afirka da Asiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da shi.

A can wani ɓangaren harabar kuma wani labarin ne ke gudana, wanda ba zan iya wucewa ban taɓa shi ba. Shugaban sashen tarihi Bature ne ɗan Ingila, H.F.C. Smith, wanda ya koyar a Sudan da Ibadan kafin ya zo Zariya a 1962. Tun yana Ibadan yake jan hankalin masana cewa jihadin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma babban al'amari ne da aka yi watsi da shi, kuma ba za a san shi ba sai an karanta abin da su Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello suka rubuta da hannunsu. Ya sa aka shiga gidajen malamai ana neman tsofaffin takardu ana ɗaukar hotonsu. A 1967 ya musulunta, ya zama Abdullahi Smith. A 1970 ya fitar da maƙalar da ta girgiza abin da aka saba ji, inda ya ce labarin Bayajidda da macijin Kusugu bai isa ya bayyana asalin sarautun Hausa ba. A ganinsa daga cikin ƙasar abin ya tsiro: ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa, a kusa da duwatsu irin Dala da Kufena inda ake da ƙarfe da ƙasar noma da wuraren tsafi da ke jawo mutane. Ba kowa ya yarda ba, har yanzu ana muhawara, amma tun daga ranar aka daina karɓar labarin ido rufe. A 1970 ɗin ce kuma aka mai da gidan da aka kashe Sardauna cibiyar binciken tarihi, Gidan Arewa, Smith ne shugabanta na farko. Cikin waɗanda suka tashi a hannunsa akwai Yusufu Bala Usman, jikan Sarkin Katsina Dikko, wanda ya rubuta tarihin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya kuma zama muryar da gwamnatoci suka fi shakka a Samaru. To, a shekarun nan Bahaushe Kirista ne ke shugabancin jami'ar, Bature Musulmi ke tono mata tarihin Daular Sakkwato, kuma aiki na tafiya.

A Yulin 1975 aka hamɓarar da Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala, Murtala Muhammad ya hau. A cikin shekarar gwamnatin tarayya ta karɓe jami'ar, Ishaya Audu ya sauka, Iya Abubakar ya gaje shi, wato ɗaya daga cikin 'yan ƙasa biyun nan na rukunin farko.

Da aka buɗe fagen siyasa, sai ga Ishaya a inda ba a zata ba. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Mutumin da ya ga yadda aka kori Ibo daga Samaru a 1966 ya tsaya takara a bayan babban ɗan siyasar Ibo, shekara tara kacal da gama yaƙi. Ba su ci ba, Shehu Shagari na NPN ya ci. Amma NPN ba ta da rinjaye a majalisa, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba Ishaya ministan harkokin waje. A zamaninsa aka yi bikin 'yancin Zimbabuwe a 1980, da rikicin kan iyaka da Kamaru a 1981 lokacin da aka kashe sojojin Najeriya biyar har ana jin ƙamshin yaƙi, da tura sojojin kiyaye zaman lafiya zuwa Chadi. Da yarjejeniyar jam'iyyun biyu ta watse a 1981, NPP ta ce ministocinta su fito. Shi bai fito ba, ya zauna a gwamnatin Shagari har 1983. 'Yan jam'iyyarsa sun ga wannan a matsayin juya baya, kuma suna da hujjarsu, domin a inuwarsu ya shiga. Masu kare shi suna cewa harkar waje ba wurin da ake canza hannu ba ne a tsakiyar rikici. A nan ne kaɗai cikin tarihinsa na ga mutanen kirki sun rabu biyu a kansa.

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka dawo, Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka kwashe 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu aka tsare. Ishaya Audu na cikinsu, ya yi watanni a tsare kafin a sake shi.

Da ya fito bai nemi Ikko ba, bai koma Landan ba, ko da yake takardunsa za su ba shi aiki a duk inda ya so. Samaru ya dawo, garin da ya tsiro a bakin ƙofar jami'a, inda masinjoji da direbobi da masu wanki da 'yan kasuwa ke zaune. Ya buɗe asibitinsa, ya koma duba marasa lafiya. Tsohon shugaban jami'a, tsohon ministan da ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya koma yana tambayar uwa kwana nawa yaron ya yi yana gudawa, yana sha ko ba ya sha. Ya kuma ba da sauran ƙarfinsa ga aikin coci da wa'azi, kamar yadda mahaifinsa ya yi.

Abdullahi Smith ya riga shi tafiya, ya rasu a 1984. Shi kuwa Ishaya Audu ya rasu ranar 29 ga Agusta 2005 a Amurka, yana da shekara 78. Ba a yi wata guda ba, ranar 24 ga Satumba, Bala Usman ya bi. Kafin shekarar ta ƙare aka buɗe mazaunin dindindin na asibitin koyarwa a Shika, kan hanyar Funtuwa, shekara 38 bayan ɗaliban farko sun fara koyon aiki a asibitin aro na Tudun Wada.